Ba Zare, Ba Yadi

Wata uku ke nan da muguwar murar nan ta saki Mai Ɗinki, amma gajiya ta ƙi sakinta. Tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi, sai dai ko shara ta yi sai ta nemi wurin zama tana haki.

Ranar da ta koma shago, ta tarar ƙaninta Auta ya ɗaura wa keken ɗinkinta injin lantarki, ya kwance igiyar feda ya rataye a ƙusa.

"Yaya, yanzu ko ƙafa ba sai kin motsa ba," in ji shi, yana washe baki.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya ce maka ƙafar tawa ta mutu? Cire min abin nan."

"Likita fa ya ce ki bi a hankali."

"A hankali ya ce, bai ce in zama hoto ba."

Ya cire yana gunaguni. Ta mayar da igiyar da hannunta, ta zare allura, ta hau taka keken ba zare ba yadi. Minti biyu numfashi ya ƙare, gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Ta kifa kai a kan keken har ƙirjinta ya lafa.

Auta ya miƙo mata ruwa. "Kin gani ko?"

Ta shanye, ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta rubuta biyu a bango.

"Na gani. Kada wanda ya goge min. Gobe uku zan rubuta a ƙasansa."