'Ya'yan Tsamiyar Hasana

Minsharin ya tsaya cak, kamar an kashe injin niƙa. Hasana ta haska tocila, ta zuba wa ƙirjin mijinta ido. Ƙirjin na ta faman ɗagawa, amma iska ta ƙi shiga. Ta fara ƙirge a zuci. Sai da ta kai talatin da huɗu kafin Maidoki ya zabura, ya yi wani irin kakari na ragon da aka yanka, ya ci gaba da jan minsharinsa kamar ba abin da ya faru. Ta ɗauki ɗan tsamiya ɗaya ta jefa a ƙwarya. Ƙwas!

Ba ta isa ta tashe shi ba. Surukarta Tanne, wadda ta tsufa tana hidimar iskokin gidansu a Tabla, ta riga ta yanke magana.

"Doguwar gidanmu ce ke ziyarta tai. Ɗiyata, kada ki kuskura ki tashe shi tana bisa, sai ta tafi da numfashin."

An yanka baƙar akuya, an yi kwana uku ana goge. Doguwa ta ci akuyarta, minshari bai ko rage ba. To, an hana Hasana tashinsa, amma ai ba a hana ta ƙirge ba. Ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba, sai dai mace ce da ta girma tana aunar tsamiya a kasuwar Filinge, ba a yi mata ha'incin lissafi. Duk ɗaukewar numfashi ɗaya, ɗan tsamiya ɗaya. Kafin asuba sai ƙwarya ta yi nauyi.

Da a ce manomi ne, da sauƙi, in barci ya sace shi sai ya faɗa gindin gawo. Amma Maidoki direba ne, kullum yana kan hanyar Yamai da rai goma sha tara a bayansa, ban da awakin da aka ɗaure a sama. Yakan tashi da safe da ciwon kai, idanu jawur, kamar wanda ya kwana dakan gero. A tasha Sarkin Barci suke ce masa. Abokinsa Kailu ne ya fara miƙa masa maganin da duk tashar ta sani amma ba mai kiran sunansa da ƙarfi.

"Haɗiye tramol biyu da shayi, wallahi har Yamai ba ka ƙiftawa."

Ya haɗiya. Ranar wata Lahadi, gab da Baleyara, mota ta saki kwalta ta kutsa gonar mutane, fasinjoji na ta salati. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ko ƙwarzane. A tasha ya ce jaki ne ya gitta. A gida kuwa, da ya sa hannu a tuwo, sai ya faɗa wa matarsa gaskiya.

"Ba wani jaki, Hasana. Ina bisa hanya, sai na gan ni cikin hatsi. Ban san sanda na rufe ido ba."

* * *

Washegari ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi likita, ta ajiye ta gaban majo, babban ma'aikacin jinya. Da farko dariya ya yi, ya ɗauka talla ta kawo. Da ta yi masa bayani sai dariyar ta ɗauke. Ya ce akwai wani asibiti a Yamai inda mutum ke kwana guda a auna barcinsa, ya rubuta mata takarda.

Maidoki ya ce atafau. "Namiji ya tafi likita don minshari? Mi za a ce a tasha?"

"Maigida, mi za a ce ranar da aka jera mutum goma sha tara a tabarma?"

Ya yi tsaki ya fita. Hasana ta hau motar kasuwa sai Tabla wurin surukarta, ko da yake ta san tsohuwar ba kanwar lasa ba ce. Ta durƙusa, ta zazzage ƙwaryar a gaban Tanne, ta ce, "Inna, na daren jiya ne kaɗai."

Tanne ta daɗe tana juya 'ya'yan tsamiyar da yatsa. Can ta ɗago.

"Shekara hamsin ina tare da Doguwa. Tana da fushi, amma ba ta da wanga naci. Wa ke zuwa gidan mutane sau ɗari uku dare guda? Wagga ba ita ba ce. Ki ce mishi ni na ce ya tafi."

Kai, tsohuwar nan abar burgewa ce! Ba kowane mai sana'a ne ke duban abu ya ce wannan ba nawa ba ne.

* * *

Ɗakin gwajin ƙarami ne, gado ɗaya. Bayan isha'i aka ɗaura wa Maidoki ɗamara a ƙirji da ciki, aka saƙala masa siririyar roba a hanci, aka maƙala masa wani abu mai jar wuta a yatsa. Ya dubi wayoyin da ke jikinsa ya ce, "Yau na zama rediyo." Ko minti biyar bai yi ba ya fara jan abin nasa.

Hasana ta roƙi arziki aka bar ta ta shimfiɗa tabarma a lungu. Ta kwance ƙullin zanenta, ta jawo ƙwarya. Na'ura na nata aikin, ita ma tana nata.

Da hantsi Dokta Samiratu ta shigo da takarda. Ta ce ba iska ba ce, ba kuma lalaci ba ne. In ya yi barci naman maƙogwaronsa ne ke saki ya toshe hanyar numfashi, sai jiki ya firgita ya farkar da shi ba tare da ya sani ba. Shekaru ke nan bai yi barcin kirki ba, ƙwayar da yake sha kuma ƙara danne numfashin take yi.

"Sau ɗari uku da goma sha ɗaya numfashinka ya tsaya daren jiya, Malam."

"Ni ɗari biyu da tamanin da bakwai na samu," in ji Hasana a hankali.

Likitar ta juyo, ta ga ƙwaryar. Sai da Hasana ta yi mata bayani, sannan ta ƙara da cewa:

"Sauran, ina jin sanda na fita alwala ne. Kuma na ɗan yi gyangyaɗi, Allah ya yafe mini."

Dokta Samiratu ta cire tabarau, ta dube ta. "Yaya, wata nawa kina wannan?"

"Tun kaka."

Maidoki ya sunkuyar da kai. Sai yau ya san cewa duk daren da ya kwana yana shaƙewa, akwai wadda ta kwana zaune.

Maganin gaske wata na'ura ce mai hura iska a hanci, amma tana son wutar lantarki dare bakin dare, samunta ma sai an jira. Kafin nan, in ji likitar, sai ya bar ƙwaya, ya rage ƙiba, ya daina kwanciya rigingine. Tuƙi kuwa, likitar ta ce kada ya ƙara taɓa sitiyari.

* * *

Hasana ta ɗinke goruba biyu a bayan tsohuwar rigarsa, ta yadda in ya juya rigingine sai su tokare shi ya koma gefe. Ƙwaryar ta fara yin sauƙi.

Ranar da ya mayar da makullin mota ta raka shi tasha, ta tsaya nesa da farantin tsamiyarta. Tana ji wani ya ce, "Sarkin Barci, ashe mace ta sauke ka daga mota!" Aka kwashe da dariya. Shekara ashirin da biyu Maidoki yana tuƙi, ya ajiye makullin a tafin mai mota, ya juya. Ba ta taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Kailu aka ba motar. Ta gan shi ya yi wata doguwar hamma, ya ɓare ƙwaya biyu, ya kora da shayi. Sai ta tuna matarsa ta taɓa ce mata a tsakar gida take kwana, don minsharin mijinta ba ya barin kowa runtsawa.

Ta ɗebi 'ya'yan tsamiya cikin hannu, ta ƙulle a tsumma don ta kai wa matar Kailu, ita ma ta fara ƙirge. Kafin ta gama ƙullin, mota ta tashi da Kailu a sitiyari. A bakin taga wata mata na gyara wa jaririnta hula.