Ƙwan da Aka Ce Ya Jira

Tukunyar iskar asibiti, bargo, tabarau, gorar ruwa, ledar magani, da keken marasa lafiya a naɗe cikin but ɗin mota. Abin da Direba ya kwaso daga asibiti ke nan, sai ita kanta Inna Mai Ƙwai a kujerar baya, robar iska a hanci, tana yi masa faɗa.

"Taka motar nan, ɗan nan. Yau ba ƙwai ka ɗauko ba."

"Ke kika koya mini lallaɓawa, Inna. Yanzu kuma in yi gudu?"

"Na koya maka ne saboda masu sauran kwana a gaba."

Ya kalle ta ta madubi, ya ƙara wuta.

Ƙofarsa da tata na kallon juna a bene ɗaya. Farfesa ce, amma ba mai kiranta haka a gidan. Tun yana ango yake ɗauko mata ƙwai daga gonar kaji duk Talata, ya jera kiret a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel kamar mutum, ya lallaɓa tasinsa har ɗakin bincikenta. Fasinjan da ya ɗaga masa hannu a ranar sai dai haƙuri. Matarsa takan ce kaf duniya Inna ce kaɗai ke sayen ƙwai haka ba ta taɓa soya ko guda ba.

Aikin nata kuwa ya sha jinsa a mota har ya kusa haddacewa. Takan yanke 'yar taga a ɓawon ƙwai ta leƙa ɗan tayin tun yana kamar guntun zare a kan gwaiduwa. A bayansa akwai siririn bututu, shi ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka. A jikin bututun akwai ƙwayoyin da take kira uwaye. Aikinsu su rabu biyu, su sake rabuwa, har lokacin da wani abu zai ce musu ya isa, sai su bar haihuwa su zama jijiya.

"Duk ƙwayoyin jikinka umarni iri ɗaya suka gada," takan ce masa. "Abin da ya raba idonka da ƙafarka shi ne wanne aka kunna, wanne aka kashe, kuma yaushe. Ni makunnin nake nema."

Shekara da shekaru tana zargin wani guntu a cikin ƙwayoyin gado. Ranar Litinin ta zauna, ta tokare gwiwar hannunta da tebur don kada ya yi rawa, ta kashe guntun a gefe ɗaya na bututun kowane ɗan tayi, ta bar ɗaya gefen yadda yake, ta rufe tagogin da salatif. In zarginta gaskiya ne, uwayen gefen da ta taɓa ba za su daina rabuwa ba. Laraba za a gani. Da yammacin Litinin ɗin ta yanke jiki ta faɗi a matakala, Direba ne ya kwashe ta zuwa asibiti.

Likitoci suka ce ba za ta fita ba sai Juma'a. Ita kuwa tana kwance tana lissafin ƙwanta. Laraba da hantsi ta sa aka kira shi, ta ce ko su sallame ta ko ta fita da rarrafe. Babban likitan ya ja Direba gefe a baranda ya ce, "Ka kai ta inda take so. Amma kada ku yi nisa da gida." Ya gane.

Ɗakin binciken na can ƙarshen wani dogon lungu mai warin sifirit. Ya tura keken, tukunyar iskar a rataye a baya tana bugun gwiwarsa. Suka tarar da Doguwa tana wanke almakashi. Inna ce ta koyar da ita, ta tafi ƙasar waje ta yi shekaru, ta dawo da nata digirin, yanzu ita ke riƙe da ɗakin. Tana ganinsu almakashin ya suɓuce mata.

"Farfesa! Ai an ce sai Juma'a."

"An ce. Su ƙwan an gaya musu? Fito mini da su, ba hira na zo ba."

Doguwa ba ta nufi injin ɗumin da ake ajiye ƙwai ba. Ta tsaya tana murza yatsu, sannan ta buɗe wani kabad mai sanyi a kusurwa ta ɗauko kiret ɗin. Inna ta ɗora tafin hannunta a kan ɓawo ɗaya. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Masu wannan aiki suna da dabara. In ƙwai zai kai a ranar da ba ka nan, sai ka cire shi daga ɗumi ka sa a sanyi, ɗan tayin ya tsaya cak ya jira ka. Haka suke yi in hutu ya ratsa aiki.

"Tsoro na ji kada su wuce ba kya nan," in ji Doguwa, muryarta can ƙasa. "Kin sha cewa hoto na wanda bai zo ya gani da idonsa ba ne. Shi ne jiya da safe na tsayar miki da su."

"To yanzu sai yaushe?" Direba ya tambaya.

"In an mayar da su ɗumi yanzu, gobe bayan la'asar."

Direba ya tuna irin gudun da ya yi a hanya. Ya tsallake danja, ya ci zagin mai babbar mota, ya ɗauko tsohuwa daga gadon asibiti, ashe a banza. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji wani sauti daga keken. Dariya Inna take yi, har ta sarƙe da tari, sai da ya gyara mata robar.

"Wayyo Doguwa. Ni na koya miki dabarar nan, ko ba ni ba? Kin iya, wallahi kin iya. To ni wa zai sa ni a sanyi?"

Doguwa ta durƙusa gaban keken tana hawaye. "Bari in fito da guda mu yanka yanzu. Ƙila a ga alama."

Direba ya ce, "Haka za a yi, Inna. Tunda mun zo."

Inna ta dubi kiret ɗin. Ya ga yatsunta na motsi a kan bargo, kamar tana riƙe da almakashi. Ya san tana so, so ba na wasa ba.

"A'a," ta ce. "Ɗanyu ne. In kin buɗe yanzu zan ga abin da nake son gani, ke kuma ki ce haka ne don ki faranta mini. Mu ɓata ƙwai mu ɓata gaskiya, don tsohuwa tana sauri? Tashi ki share fuska, kin yi mini girma da kuka. Miƙo mini guda dai in gaishe shi."

Ta rufe ƙwan cikin tafukanta biyu, tana hura masa ɗan numfashin da ya rage mata. Can ta sa Doguwa ta ɗaga salatif ɗin ta ɗora ƙwan ƙarƙashin madubin ƙara girma. Direba ya ɗaga ta daga keken ya riƙe ta har ta kai ido. Ta jima tana kallo.

"Ga shi nan, malalaci, ya farka. Zo ka gani, ɗan nan. Shekara nawa kana dakonsu ba ka taɓa leƙawa ba."

Ya leƙa. Da farko rawaya kawai ya gani. Sai ga wani abu a lanƙwashe kamar ƙugiya, jan zare ya kewaye shi, a tsakiyarsa wani ɗigo yana motsi. Ya buga, ya tsaya kamar yana shawara, ya sake bugawa.

"Zuciya ce?"

"A'a, injin tasinka ne. Zuciya ce mana." Ta koma cikin keken tana haki. "Gobe kai za ka zo ka duba mini. Doguwa ta fi ka ilimi nesa ba kusa ba, amma tana sona da yawa. Kai kuwa ba ka san me ya kamata ka gani ba, don haka ba ka da ƙaryar da za ka yi. Ka faɗi abin da idonka ya gani kafin ta buɗe baki. Kin ji, Doguwa? Kada ki gaya masa wane gefe na taɓa."

"Na ji, Farfesa."

Doguwa ta mayar da ƙwan cikin injin ɗumi. Direba ya sa gwiwa zai tura ƙofar injin, Inna ta daka masa tsawa.

"Kai! Ba ƙofar tasi ba ce. Da hannu biyu, a hankali, har ka ji ta kama."

Alhamis da hantsi Inna ta rasu, a ɗakinta, a gadon da ta sa aka jawo mata kusa da taga. Matar Direba na zaune tana matsa mata ƙafa. Inna ta tambaya ko rana ta yi sama, aka ce da saura. Ta ce, "Ki tuna masa." Shi yana can layin masu cika tukunyar iska. Da ya dawo ya tarar an cire mata robar, an naɗe an ajiye kusa da tabarau. Ya sauke tukunyar a bakin ƙofa, cike, ya yi mata addu'a.

Daga wurin binne ta bai koma gida ba. Ya tarar Doguwa ta ja labule, ta fitar da 'yan tayin, ta jera su a ƙananan faranta na gilashi. Wasu sanyin ya kashe su, ta ware gefe. Idonta ya kumbura. Ta kunna wata shuɗiyar fitila, ta nuna masa kujerar Inna, ta koma bayansa ta kama bakinta.

Ya kai ido. Bututun ya fito fili, gida biyu, kamar titi mai hannu biyu.

"Wannan gefen ya fi kauri," ya ce. "Ya kumbura, kamar tayar da aka cika wa iska. Ɗayan siriri ne, a miƙe."

Ta canza faranti.

"Shi ma haka."

Ta sake canzawa.

"Wannan ban ga bambanci ba."

"Sake dubawa."

"Na duba. Babu."

Haka suka bi su har na ƙarshe. Masu kumburin sun fi yawa. Doguwa ta kashe fitilar ta buɗe labule, ta tsaya ta ba shi baya.

"Gefen da ta taɓa ne?" ya tambaya.

"Shi ne."

"Ke nan ta yi gaskiya."

"Ƙila. Sanyin da na sa su ya shiga maganar, ba wanda zai yarda, ni ma bai kamata in yarda ba." Ta ja hanci. "Da tana nan cewa za ta yi a sake daga farko."

Direba ya miƙe. Injin ɗumin na buɗe, ba komai a ciki sai kiret wayam da guntun salatif manne a gefensa, iska mai ɗumi na fitowa tana taɓa masa fuska. Ya sa hannu biyu ya tura ƙofar a hankali har ya ji ta kama.

"Talata zan kawo wasu," ya ce.