Sukurun da bai shiga hannu ba

Aikina a ɗakin hoton maganaɗisu shi ne gadin zafi. Likita yana tara sautin da kunne ba ya ji a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwa, wurin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ni kuma ina kallon allo, na'ura tana nuna min yadda wurin ke ɗumama. Ƙasa da digiri hamsin gwaji ne, abin da ya taɓu zai dawo. Ya haura hamsin da biyar, bakin alƙalami ya bushe.

Ran nan aka kawo wani tsoho mai gyaran agogo, hannunsa na dama yana rawa shekara shida, za a ƙone ɗigon da ke jawo rawar. An aske masa kai, an ɗaure shi cikin ƙarfe, idonsa biyu. A gwaji na uku rawar ta tsaya cak. Likita har da murmushi.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Jan tabon zafin da ke allo ba dunƙule yake ba, ya yi wutsiya zuwa baya, wajen da jin yatsu yake. Na faɗa wa likita. Ya ce wutsiyar siririya ce, watakila na'urar ce ke ƙarya, a tambayi mai jikin. Aka tambaya ta lasifika ko yatsunsa sun yi nauyi, tsoho ya ce ƙalau, tun kafin a rufe baki. Saurin nan ne ban so ba. Biri ya yi kama da mutum.

Na roƙi minti biyu, aka turo gadon waje daga cikin na'urar. Na ce ya rufe ido zan sa masa sukurun agogo, 'yar ƙusar nan da ake murɗawa, tsakanin yatsu, ya gaya min idan ya ji. Babu wani sukuru, irin ƙarfen da maganaɗisu ke ja ba ya shiga ɗakin nan. Na dai riƙe wuyan hannunsa, ban taɓa yatsun ba.

"Na ji shi," in ji tsoho. "Ƙarami ne."

Raina ya ɓaci, don da na yi shiru da mun ƙone wurin. Na ce masa hannuna wayam yake, kuma idan aka ɗaga zafi a nan, rawar za ta tafi da jin yatsunsa har abada. Sai an matsa gefe, kuma can ba lallai rawar ta mutu duka ba.

Ya buɗe ido, bai ko ji kunya ba.

"'Yata, na san yatsun sun mutu tun gwajin farko. Agogon na haƙura da shi. Matata ce ke ba ni ruwa a baki, gaban jikokina. Ki bar ni in riƙe kofi da kaina kawai."

Likita yana jirana ta bayan gilashi. Tausayin tsohon ya kama ni, amma na koma na rubuta abin da na gani, aka matsa gefe. Da aka gama muka miƙa masa kofin ruwa, ya kai baki da kansa, rabi ya zube a rigarsa.