Makulli Biyu a Aljihun Gimba

Motocin haya tara kamfanin Indabawa yake da su a tashar Mile 3, direbobi kuwa uku. Sauran sun watse, wasu sun koma keke, wasu tirela, don albashin ba ya kai mutum tsakiyar wata. Motocin da aka yasar har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Akwai ma wadda kaza take ƙwai a kujerar direbanta, tsoho Gimba yakan leƙa ta da safe, ya ce kazar kaɗai aka ɗauka aiki bana.

Da Gimba ya nemi ƙarin albashi, sai Haidar, ɗan marigayi mai kamfanin, ya miƙa masa makulli na biyu. Kafin ya dawo daga mayankar Trans-Amadi an cika wata motar, yana sauka daga wannan sai ya haye waccan. Mota tana hutawa, direba ba ya hutawa, albashi yana nan inda yake.

Kwana goma sha ɗaya ya jure. Ran na sha biyu da hantsi idonsa ya rufe a kan sitiyari, da mutum goma sha takwas a bayansa. Hon ɗin wata tanka ne ya farkar da shi.

Ya iso tasha. Ya ɗauko tabarmarsa, ya shimfiɗa a gaban motar da aka cika, ya kwanta.

Haidar ya fito daga ofis da gudu. "Baba Gimba, lafiya? Mutane suna jira!"

"Barci zan yi, ɗana."

"A nan? Ko ka tashi, ko ka ajiye aikin."

"To kore ni. Sai ka shiga ka ja su da kanka, in ka san inda giya take." Ya ɗaga murya yadda na cikin motar za su ji. "Jama'a, yanzun nan na yi gyangyaɗi a kan titi. Mai son in kai shi a haka ya zauna."

Hajiya Bashira mai sayar da kayan ciki ce ta fara saukowa da robarta. "Ni nama na zo saye, ba likkafani ba." Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya.

Haidar ya dubi motar da ba kowa a ciki. Ya durƙusa a bakin tabarmar, ya sassauta murya. "Kawo makulli ɗaya, Baba."

Gimba ya zaro ya ba shi.

"Maganar albashin kuma, mu shiga ofis."

"Sai na tashi," in ji Gimba, ya ja hularsa ya rufe fuska.