Kazar Auren Ladi

"Ba ita ba ce, Malam. Dubi ƙafarta mana. Ƙafar Wake baƙa ce," in ji Uwani.

"To ai uban ma da ƙafa ya zo duniya," in ji mijinta Ɗahiru, yana tsugune a tsakar gida, littafin kiwon kaji buɗe a kan gwiwarsa, kaza kuma a hammatarsa tana wutsil-wutsil. "In ta ɗauko ƙafar uba, sai ki ce ba 'yar uwarta ba ce?"

Tun da hantsi suke wannan aiki, sun kama kajin nan ɗaya bayan ɗaya, sun duba zanko, sun duba baki, sun buɗe fiffike, sun gwada da hotunan littafin. Kajin littafin kowace tsaf take da sunanta na Turanci a ƙasa. Nasu kuwa jajaye ne kawai, wata ta ɗan fi wata duhu.

Wake kaza ce da mahaifiyar Uwani ta ba ta ranar da za a kawo ta gidan miji a Gyadi-Gyadi, shekara uku da suka wuce. Haka Inna ta yi wa kowace 'ya da ta aurar: bayan an gama ɗaure kwanoni da tasoshi, sai ta shiga akurki ta kamo sagara ɗaya daga cikin kajinta masu ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ta ɗaure mata ƙafa da tsumma, ta ce a tafi da ita. Ta ce ita ma haka aka yi mata. Inna ta rasu bara. Bayan arba'in ɗinta cutar kaji ta ratsa Tarauni ta share akurkinta ƙaf, ta kwashe na yayyen Uwani biyu, daga baya ta biyo har nan ta ɗauke Wake.

Yanzu saura kwana shida bikin Ladi, autarsu, kuma ba wanda ke da sauran jinin kajin Inna sai Uwani. Ita ma ba ta san inda yake ba a cikin kaji biyar ɗin da take da su.

Laifin kuwa na Ɗahiru ne, ya sani, shi ya sa tun safe bai fita ba. Malamin gona ne. A shekarar da aka yi ta kiran kowa ya noma abin da zai ci, shi ne ke yawo a kan Vespa yana karɓar zakarun gida yana ba da jajayen zakarun gidan gona, don a gyara iri. Da gidansa ya fara. Da Wake ta kwanta kwancinta na ƙarshe, sai ya zo da ƙwan gidan gona guda shida ya haɗa mata da nata ba tare da ya yi wa ko ɗaya alama ba. Ta ƙyanƙyashe su duka, ta yi yawo da su duka. Shirwa ta ci rabonta, cuta ta ci nata, aka bar mata biyar. Kuma tun da jan zakara ne uban 'ya'yan Wake, su ma ja suka fito.

"Ki ɗauki mai zanen nan a wuya," in ji shi a hankali. "Ita ce ta fi kama."

"Kama ba ita nake nema ba."

Ya rufe littafin. Ya daɗe yana kallonta, yadda take murza bakin zanenta, idonta a kan kajin kamar mai neman fuskar wani a cikin taro. Sai ya miƙe ya ce bari ya je Tarauni ya zo da Iya Kulu.

Iya Kulu maƙwabciyar Inna ce ta shekara talatin, katanga ɗaya ta raba su, kuma duk unguwar in kaza ta yi laushi wurinta ake kaiwa. Bayan azahar Uwani ta jiyo muryarta tun daga zaure.

"Ni zan hau wannan abin? Da raina da lafiyata? Ai na ce masa ya tafi zan biyo shi, ya ƙi."

Ashe tun daga Tarauni a ƙafa suka taho ta cikin gonaki, ita a gaba, shi a baya yana tura Vespa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Uwani ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Da tsohuwar ta ɗaga kwanon sha, sai Uwani ta ga irin riƙon da Inna take yi, hannu biyu, ido a rufe, dole ta kau da kai.

"Ina kajin?"

Uwani ta watsa tsaba. Huɗu suka rugo. Iya Kulu ba ta taɓa ko ɗaya ba, kallo kawai take yi, tana tauna goro.

"Wannan muke zato, Iya," in ji Uwani, ta nuna mai zane a wuya.

"Don me?"

"Ɗigon nan. Irin na Wake ne."

"Launi ai riga ce, 'yar nan. Yanzu in malamin gona ya ara miki kwat ɗinsa, kin zama malamar gona?" Ta juya ga Ɗahiru. "Kai kuma me littafinka ya ce?"

"Bai san da su ba, Iya."

"To ya yi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Ce mini aka yi biyar ne. Ina cikon?"

Miji da mata suka dubi juna. Ɗahiru ya ce waccan ba ta da lafiya. Kwana huɗu ke nan ta daina ƙwai, ta maƙale a bayan turmi, ba ta ci sai kaɗan. Sun ware ta don kada ta shafa wa saura, kuma ya riga ya yi niyyar yanka ta gobe tun ba ta lalace ba.

"Haka Wake ta fara," in ji Uwani. "Ta takure wuri ɗaya."

Iya Kulu ta dafa ƙasa ta tashi. A lungun da ke bayan turmi, kan wani tsohon buhu, kazar na kwance ta baje, ja ce sosai, ba ɗigo ko ɗaya a jikinta, duk cikinsu ita ta fi kama da jan zakaran. Tsohuwar ta miƙa hannu. Nan take kazar ta kumbura, gashinta ya tashi, ta yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro, ta kai mata sara a bayan hannu.

Iya Kulu ta ƙyalƙyale da dariya har goro ya kusa sarƙe ta.

"Marar lafiya ke nan? Marar lafiya ce ke da wannan baki?" Ta ɗaga ta, ta kife ta a hannu. "Zo ki taɓa nan."

Uwani ta sa tafin hannu a ƙirjin kazar. Ba gashi a wurin, an fige shi tas, fatar kuma zafi kamar bayan tukunya.

"Ita ta fige kanta, don ƙwai ya ji ɗuminta. Kwanci take yi, ku kuma kullum kuna kwashe ƙwan, kun bar ta tana kwanciya a kan buhu. Ke da kika tashi a gidan kaji!"

"Iya, tsoro ne ya rufe mini ido. Kuma tun da suka fara ƙwai ban ga wadda ta taɓa kwanciya ba, har na cire rai."

"Ina za su kwanta? Malamin gona, faɗa mata."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. "Na gidan gona ba su cika kwanci ba. Inji ke yi musu. Na sani, Iya, ni nake koya wa mutane. Ban dai kawo shi a gidana ba."

Suka koma tabarma. Iya Kulu ta sa aka kamo mata sauran huɗun, ta juya su, ta lalubi ƙirjinsu, ta tambayi watannin da suka yi suna ƙwai ba hutu. Sa'an nan ta kakkaɓe hannu.

"Allah shi ne masani. Amma in ni ce, waɗannan 'yan riƙo ne. Waccan kaɗai ce 'yar gida."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Murnar da ta taso wa Uwani ta koma ciki. Duk kwanakin nan ta ɗauka biyu za a samu ko uku, ta ba da ɗaya ta riƙe saura. Ta dubi lungun. Kazar ta riga ta koma kan buhunta tana gyara kwanciya, tana tura abin da babu a ƙarƙashinta da baki. Duk abin da ya rage na tsakar gidan Inna ke nan, na kiran da take yi musu da safe, na dusar da take kwaɓawa a fasasshen kasko.

Iya Kulu ta lura. Ta rage murya.

"Ladi yarinya ce, ba ta taɓa riƙe kaza ba. Kuma Unguwa Uku za a kai ta, gidan haya, ba ki san irin maƙwabtan ba. In kin ba ta mai zanen nan, wallahi rungumewa za ta yi tana kuka, ta ce ga Wake ta dawo. Ba wanda zai sani sai mu uku. Ni kuwa bakina da goro."

"Ko kuma a jira," in ji Ɗahiru. "A sa mata ƙwai yau, nan da sati uku ta ƙyanƙyashe, in sun girma a kai wa Ladi ɗaya."

Shawara ce mai kyau, Uwani ta san haka. Sai dai ta tuno ranar tata. Mota ta tsaya a ƙofar wannan gida, mata suka yi guɗa suka watse, aka bar ta a ɗakin da ba ta san warinsa ba. Da gari ya waye ta leƙo, duk abin da ke tsakar gidan baƙo ne, sai Wake ɗaure a jikin turmi tana tona ƙasa kamar a Tarauni take. A ranar ta buƙace ta, ba bayan wata biyar ba. Ita kuma tana da uwa a raye a lokacin. Ladi za ta leƙo ne ba ta da ita.

Ta share ido da bakin zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwaryar ƙwai, ta miƙa wa Iya Kulu.

"Iya, zaɓar mata masu kyau a sa mata yanzu, kada ta huce." Ta juya ga mijinta. "Malam, ka samo mini kwando mai faɗi, a shimfiɗa masa buhun nan nata. Ranar Juma'a da ita da ƙwanta za su bi Ladi. Ita zan ba ta."