Tsagar Gobir

Tun da aka raɗa wa jaririn suna Munir, Balki ta ƙi sauke shi daga ƙirjinta. Wanzami na zaune a zaure, tana jin yana wasa aska. Ita Ba'adara ce, 'yar Keita, kuma a gidansu an bar tsaga tun kafin a haife ta. Amma nan Bangi ne, gidan Gobirawa, inda kowane kunci ke ɗauke da tsaga daga gefen baki har kunne.

Surukarta ta shigo, ta miƙo hannu.

"Inna, don Allah a tsaya ga aski," in ji Balki. "Ko ba tsaga, ai naku ne."

"Mu mun sani. Can waje fa?" Tsohuwar ta shafa nata kuncin. "Wan mijinki a Libiya ya rasu, ko takarda babu a jikinsa. Wani Bagobiri ya ga fuskarsa, ya yi mai sutura, ya aiko muna da labari."

Balki ta dubi laushin kumatun ɗanta. Ba ta miƙa shi ba, amma da Inna ta ɗauke shi, ba ta riƙe ba.