Kofin Auta

Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Tsokar da aka yanka daga kaluluwar wuyan ƙanena Auta ta nuna ciwon daji ne. Sun ga wata ƙwayar cuta a ciki, kuma inda ta yi yawa, nan wani sinadarin jiki ke aiki fiye da kima. Da awonsa za su riƙa gane ko magani na ci.

Umma ta ce, "Likita, ta ina ƙwayar ke shiga mutum?"

"Galibi ta yawu, Mama, tun ana yara. Kofi ɗaya, cokali ɗaya. Kusan kowa na da ita."

Daga "yawu" Umma ba ta ƙara jin komai ba. Na gani a fuskarta.

Auta fa gardi ne da gemunsa, tela mai shagon kansa, amma bai taɓa shan shayi a gida ba sai Umma ta kurɓa ta ce ya sha. Mun yi masa tsiya har mun gaji.

Tun ranar da likita ya faɗi haka ta daina. Sai ta ajiye kofi a gefen gadon asibiti, ta koma can bakin ƙofa ta zauna. Ko goshinsa ba ta taɓawa. Shi kuma magani ya saɓule masa baki, ya ƙi ci, ya ƙi sha, sai ramewa yake.

Rannan ya ce da ni, "Yaya, ƙyamata take yi, ko?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na same ta a baranda. "Haba Umma! So kike ki ƙarasa shi?"

Ta ce, "Ai na riga na yi. Da bakina na zuba masa."

Na jawo likita har gabanta. Ya durƙusa ya ce, "Mama, ni ma ina da ƙwayar, 'yarki ma haka. Ba kowa take zame wa ciwo ba, kuma ba laifinki ba ne. Amma in bai ci ba, jikinsa ba zai ɗauki magani na gaba ba."

Sannan ta shiga, ta zauna a bakin gadon, ta ɗauki kofin. Shayin ya daɗe da yin sanyi, har ya yi fata a sama. Ta hura, ta kurɓa, ta miƙa masa.

"Sha a hankali, Auta, da zafi."

Ya shanye tas.